ƘARFE GOMA NA WA? YADDA NA'URORI SUKE DAIDAITA KALANDA A TSAKANINSU

Alkawari kaya ne, in ji masu iya magana, to amma a zamanin nan mutane da yawa sun sauke wannan kaya daga kansu sun ɗora wa wayar hannu. Ma'aikacin ofis da malamin jami'a, likita da ɗan kasuwan da ke hulɗa da ƙasashen waje, kowa yakan rubuta ranar taro da sa'arsa a kalandar waya, ya mai da ita aljihu, ya saki jiki har sai ta yi ƙara ta tuna masa. Idan ya zauna gaban kwamfuta a ofis ya tarar da alkawarin nan a rubuce can ma, ba ya ko mamaki, balle ya tambayi wanda ya kai shi.

To, a ɗauka ga wani manajan kamfani a Kano da ya kira taro ran Talata da ƙarfe goma na safe. Ya gayyaci mutum uku, ɗaya a Yamai, ɗaya a Kumasi, ɗaya kuma a Landan, za su haɗu ta intanet. Ran Litinin yana cikin jirgin sama zuwa Ikko, wayarsa ba ta da sadarwa, sai ya buɗe kalanda ya mai da taron ran Laraba. A daidai wannan lokaci kuwa sakatarensa yana ofis, ya ɗaga taron nan zuwa ƙarfe goma sha biyu na Talatar, saboda wani uzuri da ya taso. Jirgi ya sauka, waya ta sami sadarwa. Maganar wa za a ɗauka, ta maigida ko ta sakatare? Wa zai sanar da mutum ukun nan? Kuma in an ce ƙarfe goma, na Kano ake nufi ko na Landan?

Waɗannan tambayoyi su ne suka sa masana suka yi shekaru fiye da ashirin da biyar suna tsara ƙa'idojin da na'urori za su bi wajen musayar labarin kalanda. Aika rubutu daga wata na'ura zuwa wata abu ne mai sauƙi. Wuyar aikin ita ce a sa na'urori dabam dabam, na kamfanonin da ke kishi da juna, su yarda da magana ɗaya a kan lokaci ɗaya.

KAFIN A SAMI HARSHE ƊAYA

A shekarar 1996 aka fara sayar da wata 'yar na'urar aljihu a Amurka mai suna Pilot, ta kamfanin Palm. Tana da wata 'yar kujera da ake haɗawa da kwamfuta da igiya. Mutum yakan ɗora na'urar a kai ya danna maɓalli guda, sai kalandar aljihu da ta kwamfuta su gwada abin da ke cikinsu, kowace ta cike giɓin 'yar'uwarta. Dabarar ta yi kyau ƙwarai, sai dai na'ura biyu kaɗai ke cikin zancen, kuma dukansu na mutum ɗaya ne. Wanda yake so ya aika wa abokin aikinsa goron gayyata, alhali kuwa shi abokin yana amfani da manhajar wani kamfani dabam, to sai dai ya rubuta masa wasiƙa, shi kuma ya kwafa da hannu.

A wannan shekara dai, wata ƙungiya mai suna Versit, wadda kamfanonin Apple da AT&T da IBM da Siemens suka kafa, ta fito da wani tsarin rubuta alkawari da ta kira vCalendar. Daga nan sai maganar ta koma hannun ƙungiyar IETF, watau taron injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet, waɗanda suke buga matsayarsu cikin takardu masu lamba da ake kira RFC, kowa kuma yana iya karantawa kyauta ya yi aiki da su. A watan Nuwamba na 1998 aka buga takarda mai lamba 2445, wadda ta haifi tsarin iCalendar. Abin lura shi ne mutum biyun da suka sa hannu a kanta, Frank Dawson na kamfanin Lotus da Derik Stenerson na Microsoft, daga kamfanoni biyu suke da ke takara mai zafi a kasuwar manhajar ofis. An sake gyara tsarin a watan Satumba na 2009 cikin takarda mai lamba 5545, wadda Bernard Desruisseaux na kamfanin Oracle ya tace, ita ce kuma tushen da ake aiki da shi har yanzu.

Duk wanda ya taɓa samun imel ɗauke da wani ɗan fayil da sunansa ya ƙare da haruffan ics, to ya riga ya yi ido biyu da iCalendar. In aka buɗe fayil ɗin za a ga rubutu ne zalla, layi bisa layi, ba a so kowane layi ya wuce gurbin harafi 75, in ya wuce sai a karya shi a ci gaba a ƙasa. Akwai layin da ke faɗin lokacin farawa, da na ƙarewa, da na taken taro, da na wuri, da na wanda ya kira taron, da na waɗanda aka gayyata. Amma layi biyu sun fi sauran nauyi. Na farko shi ne UID, watau suna na musamman da ake raɗa wa kowane alkawari ran da aka ƙirƙire shi, wanda ba ya canzawa ko da an canza rana da wuri da take. Da shi ne waya take gane cewa taron Laraba da na Talata abu ɗaya ne aka matsar, don kada ta rubuta taro biyu. Na biyu shi ne lambar gyara, wadda take farawa daga sifiri, mai taro kuma yakan ƙara mata ɗaya duk sa'ad da ya yi canji mai muhimmanci. Saboda haka in saƙo biyu suka yi tsere a hanya, na baya ya riga na farko isowa, sai a duba lamba a san wanda ya shafe wani.

GORON GAYYATA

Tare da takardar 1998 an buga wasu biyu, masu lamba 2446 da 2447. Ta farko, wadda ake kira iTIP, ta tsara ladabin zance tsakanin mai taro da baƙinsa, ta biyu kuwa, iMIP, ta nuna yadda za a ɗora wannan zance a kan imel. Iri takwas ne na saƙo aka amince da su, a cikinsu akwai gayyata, da amsa, da sokewa, da neman a sake aiko da sabon bayani, da kawo shawarar wani lokaci dabam, da ƙin karɓar shawarar.

Hikimar da ke ciki ita ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Mai taro kaɗai ke da ikon canza rana ko sa'a. Wanda aka gayyata yana iya cewa ya karɓa, ko bai karɓa ba, ko yana tunani tukuna, yana kuma iya roƙon a sāke lokaci, amma ba shi da ikon sākewa da kansa a madadin kowa. Da wannan ne aka amsa tambaya ta biyu a labarin manajan Kano: da zarar an tsai da magana a kalandarsa, sabuwar gayyata mai ɗauke da suna iri ɗaya da lambar gyara ta gaba za ta tafi Yamai da Kumasi da Landan, kowace kalanda ta share tsohon lokaci ta rubuta sabo.

UWAR-GARKE DA 'YA'YANTA

Sai dai gayyata ta imel ba ta warware rigimar maigida da sakatarensa ba, domin su kalanda ɗaya suke taɓawa da hannu biyu. Maganin wannan shi ne a ajiye ainihin kalandar a wata babbar kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira uwar-garke ko saba, sa'an nan waya da kwamfutar ofis da ta gida kowace ta riƙe kwafi, tana komawa wurin uwar lokaci lokaci don ta ji abin da ya sāke. Ke nan ana bukatar wata ƙa'ida kuma, ta yadda za a yi wannan zuwa da komowa.

An daɗe ana lalube kafin a dace. A shekarar 2000 kamfanonin waya irin su Nokia da Ericsson da Motorola suka haɗa kai da IBM da Palm da wasunsu suka fito da SyncML, wanda ya shiga wayoyi masu yawa na wancan zamani. Rauninsa shi ne in lissafi ya ɓace tsakanin waya da uwar-garke sai an sake gwada kome da kome daga farko, a nan ne kuwa mutane sukan wayi gari su tarar kowane alkawari ya zama biyu. Ita kuma IETF ta yi shekaru tana gina wata ƙa'ida sabuwa fil mai suna CAP. Aka buga ta a watan Disamba na 2005 a matsayin gwaji, amma ba ta sami masu ɗauka ba.

Wadda ta yi nasara ta bi gajeriyar hanya. Tun 1999 akwai wata ƙa'ida mai suna WebDAV, wadda take ba mutum damar ajiye fayil a uwar-garke, ya gyara ko ya share, ta hanyar nan da shafukan intanet suke bi. A shekarar 2003 wata injiniya mai suna Lisa Dusseault ta kawo shawara cewa a ɗauki kalanda tamkar jakar fayil, kowane alkawari kuma fayil guda a cikinta mai adireshin kansa. Cyrus Daboo da Bernard Desruisseaux suka haɗa hannu da ita, aka buga sakamakon a watan Maris na 2007 cikin takarda mai lamba 4791, da sunan CalDAV. Kamfanin Apple ya sa ta cikin kwamfutocinsa a wannan shekara, ya kuma sa ta cikin iPhone a 2009. A gefe ɗaya kuma wata ƙungiya mai suna CalConnect, wadda aka kafa a 2004, takan tara injiniyoyin kamfanoni a ɗaki ɗaya su gwada manhajojinsu da juna, su ga inda ake samun saɓani.

Ga yadda CalDAV take raba gardama. Kowane fayil da ke wurin uwar-garke yana da wani hatimi da ake kira ETag, wanda yakan canza duk sa'ad da aka taɓa fayil ɗin. Waya in ta karɓi kwafi sai ta riƙe hatimin da ta gani. Ran da za ta mai da gyara sai ta kafa sharaɗi, ta ce a karɓi wannan in har hatimin bai canza ba. To, sakatare ya riga ya kai nasa gyaran, hatimi ya canza. Da wayar maigida ta iso da tsohon hatimi, sai uwar-garke ta ƙi karɓa, ta amsa mata da lamba 412, ma'ana sharaɗi bai cika ba. Dole wayar ta sauko da sabon kwafi, ta ga aikin sakatare, sa'an nan a san abin yi.

Nan ne fa iyakar ƙa'idar. Ta hana wani ya shafe aikin wani cikin rashin sani, amma ba ta faɗi wanda ya fi gaskiya ba. Wata manhaja takan bar na uwar-garke ya tsaya, wata takan sake tura nata, wata takan gwada haɗa biyun in ba wuri ɗaya suka taɓa ba, kaɗan ne suke tsayawa su tambayi mai su. Saboda haka maigida yana iya sauka daga jirgi yana zaton taro Laraba ne, alhali kalanda ta tsaya a kan maganar sakatare.

Saura matsala ɗaya, ta yawan kaiwa da komowa. Mutumin da ke da alkawari dubu uku a kalandarsa, in wayarsa za ta riƙa tambayar hatimin kowane ɗaya duk bayan minti goma sha biyar, to batir da kuɗin data sun shiga uku. Da farko kamfanin Apple ya ƙara wani babban hatimi na jakar duka, wanda in bai canza ba an san ba abin da ya motsa. Daga baya, a watan Maris na 2012, takarda mai lamba 6578 ta kawo dabarar da ta fi: uwar-garke takan ba waya wata shaida ta inda aka tsaya. In wayar ta komo sai ta miƙa shaidar, a ba ta abin da aka ƙara, da wanda aka gyara, da wanda aka share tun daga wancan zango, a kuma ba ta sabuwar shaida. Ambaton abin da aka share yana da muhimmanci ainun, domin wayar da ba a gaya mata an share abu ba tana iya zaton uwar-garke ce ta manta, ta sake mai da shi. In kuwa waya ta daɗe ba ta leƙo ba har shaidarta ta tsufa, sai a ce ta faro daga tushe.

SA'A ƊAYA, MA'ANA UKU

Tambaya ta uku ita ce mai wuyar duka. Tsarin iCalendar ya yarda a rubuta lokaci ta hanya uku. Akwai lokacin duniya, wanda ake aunawa daga layin Greenwich na Ingila, a sa masa harafin Z a ƙarshe. Akwai lokacin wani gari, wanda ake haɗawa da sunan shiyyarsa. Akwai kuma lokaci mai yawo, wanda ba a ɗaure shi da ko'ina ba, kamar mai shan magani da ƙarfe bakwai na safe, ko yana Kano ko yana Makka, bakwai ɗin wurin da ya kwana ake nufi.

Mutanen Nijeriya ba su cika jin zafin wannan ba, domin tun 1919 agogon ƙasar yake sa'a ɗaya gaba da na Greenwich, rani da damina. Nijar da Kamaru da Cadi duka haka suke, Gana kuwa tana baya da sa'a guda, Makka tana gaba da sa'a biyu. Amma Ingila takan tura agogonta gaba da sa'a ɗaya ran Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ta komo da shi ran Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ke nan taron mako mako da aka ɗaure da ƙarfe goma na Landan zai kama ƙarfe goma sha ɗaya a Kano cikin watan Janairu, ya kama ƙarfe goma daidai cikin Yuli. In kuwa da agogon Kano aka ɗaure shi, to mutumin Landan ne zai ga taro yana motsi. Duka biyun daidai ne a wurin na'ura. Abin da ya raba su shi ne shiyyar da aka zaɓa ran da aka rubuta alkawarin, mutane da yawa kuwa ba su san sun zaɓi kome ba.

Ina na'ura take sanin dokar agogon kowace ƙasa? Mafi yawansu sun dogara ne ga wani kundi guda da Arthur David Olson, ma'aikacin wata cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya fara tarawa cikin shekarun 1980, daga baya Paul Eggert na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya ci gaba da kula da shi tare da masu aikin sa kai. Kowace shiyya ana kiranta da sunan wani babban birninta, ta Nijeriya sunan Ikko take ɗauke da shi. A watan Oktoba na 2011 aka rufe wurin da ake ajiye kundin, saboda wani kamfanin manhajar lissafin taurari mai suna Astrolabe ya kai ƙara kotu yana da'awar an kwafi littafinsa. Cikin 'yan kwanaki hukumar ICANN, mai kula da sunaye da lambobin intanet, ta karɓi riƙon kundin, a watan Fabrairu na 2012 kuma kamfanin ya janye ƙarar. A ɗan tsakanin nan ne duniya ta farga cewa agogon na'urori bila adadin yana rataye ne a wuyan mutane ƙalilan.

Kundin kuwa ba ya zama wuri ɗaya, domin gwamnatoci ba su daina taɓa agogo ba. Wata dokar makamashi da Amurka ta yi a 2005 ta sa aka tura agogo gaba ran 11 ga Maris na 2007, maimakon 1 ga Afrilu yadda tsohuwar doka ta tanada. Alkawuran da aka riga aka rubuta bisa tsohon lissafi suka kauce da sa'a ɗaya har mako uku, sai da Microsoft ya fito da wata manhaja ta musamman don gyara kalandun Outlook. Ƙasar Samoa ta tsallake ranar 30 ga Disamba ta 2011 ɗungum, aka kwana Alhamis aka tashi Asabar. Sudan ta mai da agogonta baya da sa'a ɗaya ran 1 ga Nuwamba na 2017. Maroko, bayan ta tsai da agogonta sa'a ɗaya gaba da Greenwich a 2018, ta riƙa mai da shi baya in azumi ya kama, ta komar da shi bayan salla. A Labanan kuwa, cikin watan Maris na 2023, gwamnati ta ba da sanarwar ɗage canjin agogo saura kwana biyu a yi shi, wasu suka bi, wasu suka ƙi, ƙasa ɗaya ta kwana da agogo biyu har aka janye sanarwar. Duk ran da irin wannan ta faru, wayar da ta sami sabon kundi da uwar-garken da ba ta samu ba za su bi ƙa'ida sau da ƙafa, kuma duk da haka su saɓa da sa'a guda.

ABIN DA KE MAIMAITUWA

Taron da ake yi kowane mako ba a rubuta shi sau hamsin da biyu. Akan rubuta na farko ne a haɗa shi da dokar maimaitawa, kowace na'ura ta lissafa sauran da kanta. Dokar tana iya cewa kowace Jumma'a, ko bayan kowane mako biyu, ko Asabar ta ƙarshen wata, kamar ranar tsabtace muhalli a jihohin da ke yin ta. In an fasa na wani mako sai a rubuta togiya, in an matsar da guda ɗaya sai a liƙa masa bayaninsa dabam a ƙarƙashin sunan nan na asali.

Amma a duba zubin adashi da aka sa ran 31 ga kowane wata. Bisa ƙa'idar iCalendar, ranar da babu ita ba a lissafa ta, saboda haka Afrilu da Yuni da Satumba da Nuwamba da Fabrairu za su wuce shiru. Manhajar Outlook kuwa takan mai da irin wannan alkawari ran ƙarshen watan. Uwar adashi da 'yan zubi suna iya duba abu ɗaya a na'urori biyu, su ga ranaku dabam.

Lissafin watan Musulunci ya fi wannan zurfi. Asalin iCalendar kalandar Miladiyya kaɗai ya sani, shekarar Hijira kuwa kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da wajen kwana goma sha ɗaya. Sai a watan Mayu na 2015 ne takarda mai lamba 7529, ta Cyrus Daboo da Gregory Yakushev, ta ba da hanyar cewa a maimaita abu bisa kalandar Hijira, ko ta Sin, ko ta Habasha, ko ta Yahudawa, ta kuma tanadi abin da za a yi in ranar ba ta zo ba, a tsallake ne, ko a ja baya, ko a matsa gaba. Ba kowace manhaja ce ta karɓi wannan ƙari ba. Ko wadda ta karɓa ma lissafi take yi, ko dai na jadawali ko na Ummul Ƙura da ake aiki da shi a Saudiyya. A Nijeriya kuwa ganin jinjirin wata ake jira, kwamitin duban wata ya tattara shaida, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa. Babu uwar-garken da za ta san daren 29 ga watan azumi abin da ido zai gani, don haka ranar salla da ke rubuce a waya kintace ce har sai an ji daga Sakkwato.

GASAR KAMFANONI

CalDAV ba ita kaɗai ce a fage ba. Microsoft yana da tasa ƙa'idar, Exchange ActiveSync, wadda ta haɗa imel da kalanda da lambobin mutane a igiya ɗaya. A 2005 aka ƙara mata dabarar da waya za ta aika tambaya ta bar ta a buɗe, uwar-garke ta yi shiru har sai wani abu ya canza sa'an nan ta amsa, don haka labari yakan iso nan take. Ƙa'ida ce mai inganci, amma mallakar kamfani ce, sai da lasisi ake amfani da ita. Apple ya karɓi lasisin ya sa ta cikin iPhone a 2008, Google ma ya yi aiki da ita daga 2009.

A watan Disamba na 2012 Google ya ba da sanarwar cewa daga 30 ga Janairu na 2013 masu asusun kyauta ba za su iya haɗa sabuwar na'ura ta wannan hanya ba. Masu wayoyin Windows Phone, waɗanda ba su san CalDAV ba a lokacin, suka rasa tudun dafawa, sai da aka ƙara musu wa'adi, Microsoft ya koya wa wayoyinsa CalDAV. A watan Maris na 2013 kuma Google ya ce ita CalDAV ɗin ma zai taƙaita ta ga waɗanda ya zaɓa, aka yi ta ƙorafi, a watan Yuni ya janye. Wayoyin Android, waɗanda suka fi yawa a hannun jama'a a ƙasashen Afirka, tushen manhajarsu bai zo da CalDAV ba, wanda yake son haɗa su da uwar-garken da ba ta Google ba yakan nemi ƙarin manhaja, irin su DAVx5 ta wasu injiniyoyin ƙasar Ostiriya.

Darasin 2013 bai tsufa ba. Jami'a ko ma'aikata ko asibitin da ya zuba kalandar ma'aikatansa a wurin da ƙofarsa ɗaya ce, makullin kuma yana hannun wani, to ranar da mai makulli ya canza shawara sai yadda ya yi da shi. Kalanda kuwa ba ƙaramin sirri ba ce, tana faɗin inda mutum zai kasance, da wanda zai gana da shi, da ranar da gidansa ba kowa. Ko sauƙin nan na gayyata ya taɓa zama ƙofar ɓarna: a watan Nuwamba na 2016 masu tallan jabun kaya suka cika kalandun iCloud da gayyata ta ƙarya, har Apple ya ba da haƙuri, ya ƙara maɓallin kai ƙara.

Saboda haka duk hukumar da za ta zaɓi wurin ajiye kalanda, ya kamata ta fara tambaya ko za ta iya fitar da kayanta cikin fayil na iCalendar ran da ta ga dama, ko kuma wurin yana jin buɗaɗɗiyar ƙa'ida. Mai waya kuma ya riƙa sabunta manhajarta don ta sami sabon kundin agogo, ya duba shiyyar lokaci duk sa'ad da taro ya haɗa ƙasa biyu, in ya yi gyara ba sadarwa ya sake leƙawa bayan ta komo. Shi kuwa manajan Kano, ƙa'idojin nan sun tsare masa abu uku: taronsa bai zama biyu ba, aikin sakatarensa bai ɓace a ɓoye ba, baƙinsa uku kuma sun sami magana ɗaya, kowa da agogon garinsa. Amma ko Talata za a yi ko Laraba, wannan sai shi da sakataren sun yi magana da baki.